MURHU DA DUTSEN NIƘA: SHAIDUN TARIHIN DA AKA MANTA A YOLA DA JIMETA

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littattafan da aka rubuta a kan tarihin Adamawa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne tuta da takobi da rawani. Zai karanta yadda Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, da yadda ya tashi daga Gurin ya zauna a Ribaɗo, kafin ya kafa Yola a 1841. Zai ga jerin waɗanda suka gaje shi, har zuwa watan Satumba na 1901 da sojojin Ingila suka ci garin, Lamiɗo Zubairu ya fita. Littafin Kirk-Greene na 1958 da na Sa'ad Abubakar na 1977 sun yi wa ɗalibai hidima babba ta wannan fuska, kuma ba mu da abin cewa sai godiya.

Sai dai kuma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Waɗannan mayaƙa da malamai da fatake, me suka ci? Wa ya niƙa musu hatsi, a kan wane dutse, kuma a wace tukunya aka tuƙa? Babu rundunar da ta taɓa fita da yunwa ta dawo da nasara, babu kuma garin da ya zaunu ba tare da murhu ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa madafa ma kundin tarihi ce. Za mu duba abin da masu binciken kufai suka tono na gidajen gashi da na dafa giya a wasu ƙasashe, mu ga dalilin da ya sa namu ya sha bamban, sa'an nan mu dawo gida mu tambayi ƙasar da muke takawa a Yola da Jimeta.

Abin Da Aka Tono A Wasu Ƙasashe

A ƙasashen da alkama da sha'ir suka zama tushen abinci, gashin burodi da dafa giya sana'o'i ne da ake gina wa ɗakuna na musamman. A 1991 wani masani mai suna Mark Lehner ya tono gidajen gashi a Giza ta ƙasar Masar, daura da dalar nan ta Fir'aunoni. An tarar da toka jibge da manyan kasaken yumɓu da ake zuba ƙullu a ciki a gasa. Daga nan aka fahimci yadda aka ciyar da ma'aikatan da suka yi wancan gini. A 2021 kuma aka ba da sanarwar gano wata madafar giya a Abidos, can kudancin Masar, mai shekara kusan 5000. Tana da sassa takwas, kowane sashe da tukwane wajen 40 a jere layi biyu, kuma an ƙiyasta tana iya dafa lita 22,400 a lokaci guda. Aiki irin wannan ba na mutum ɗaya ba ne. Sai da hukuma mai tara hatsi, mai sa mutane aiki.

A Turai ma, daga ƙarni na 12 zuwa na 15 na Miladiyya, gidajen sarakuna da na malaman Kirista kan gina ɗakin gashi da ɗakin dafa giya kusa da juna, domin dukkansu hatsi da ruwa da wuta suke bukata. Kufan gidan ibadar Fountains da ke arewacin Ingila, wanda aka kafa a 1132, yana ɗaya daga cikin wuraren da aka gano irin waɗannan gine-gine. A ƙarni na 13 Ingila ta yi doka ta ƙayyade nauyin burodi da farashin giya, gwargwadon tsadar hatsi a kasuwa. A Faransa kuwa, a wurare da yawa, tanderu na uban ƙasa ne. Tilas talaka ya kai ƙullunsa can ya gasa ya biya, har sai da juyin juya halin da ya soma a 1789 ya soke wannan al'ada.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne, wanda ya tono tanderu ya tono labarin iko. Girman ɗakin gashi da inda aka gina shi suna faɗin wanda hatsi ke hannunsa, da wanda ke yi masa wahala.

Me Ya Sa Namu Ya Bambanta?

Idan mai bincike ya zo ƙasarmu yana neman irin waɗancan gine-gine, zai sha wuya, domin abincinmu na asali ba gasa shi ake yi ba. Gero da dawa ba su da danƙon da ke sa ƙullun alkama ya kumbura ya riƙe iska. Saboda haka kakanninmu suka bi hanyar tukunya: tuwo da kunu da fura da dambu. Aikin kuwa a cikin gida ake yin sa, a hannun mata, kowace da murhunta. Kayan aikin su ne turmi da taɓarya da muciya da ƙwarya da faifai, waɗanda gara da damina kan cinye cikin 'yan shekaru. Abin da ke saura a ƙasa kaɗan ne: duwatsun murhu uku, da dutsen niƙa da ɗansa, da tsingaro, da toka.

Wannan ba ya nufin ba mu san gashi ba. Harshenmu da kansa shaida ne. Kalmomin alkama da gurasa da tanderu duk daga Larabci suka zo mana, wato sun biyo hanyar fataucin Sahara. Gurasa ta yi gida a Kano, inda unguwar Jakara ta yi suna da ita, kuma tanderun da ake manna ta a jikinsa tukunya ce ta yumɓu da wuta ke ƙonawa kullum. Irin wannan tukunya, da tandar waina mai gurabe, ba sa ruɓewa. In an same su a kufai, sun isa su nuna cewa baƙi sun zauna a wurin, ko kuwa an yi kasuwar da ake sayar da dafaffen abinci.

Batun giya kuwa yana bukatar a yi shi da natsuwa. Musulunci ya haramta ta, kuma binciken tarihin abu ba halatta shi ba ne. Amma ɓoye shi tauye tarihi ne. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen Dala na zamanin Barbushe, kowa da sana'arsa, kuma a cikinsu akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai dafa giya da ake kira Bugazau. Ashe sana'ar tana da matsayi a wancan zamani. A Adamawa ma al'ummu da dama sun daɗe suna dafa burkutu domin gayya da biki da bukukuwan gargajiya. Yadda ake yin ta sananne ne: a jiƙa dawa, a bar ta ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a ajiye ta yi tsami. Kowane mataki yana iya barin alama, musamman ƙwayar tsiro da ta faɗa wuta ta zama gawayi, da murhu mai faɗi wanda ya fi ƙarfin girkin gida ɗaya. Sai dai mai bincike ya yi hattara, domin masu kunun zaƙi ma kan yi amfani da tsiro. Alama ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba.

Darasi Daga Maƙwabta

Ba sai mun je Masar ba kafin mu ga yadda ake sa toka ta yi magana. A 1965 da 1966 Graham Connah ya tono tudun Daima da ke ƙasar firƙi ta Barno, tudun da ya haura mita 10, wanda ba komai ba ne illa gari a kan gari. Ya sami murahun yumɓu da daɓen tsingaro, ya kuma sami ƙonanniyar dawa wadda awo ya nuna ta kai shekara 1000. A Gajiganna, nan ma a Barno, masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun gano sawun gero a jikin tukwane masu shekara fiye da 3000. Masu ginin tukwane ne suka cuɗa ƙaiƙayi da yumɓu, wuta ta cinye ƙaiƙayin, siffarsa ta zauna. A 2021 kuma aka buga sakamakon wani bincike a kan tukwanen mutanen Nok, inda aka sami ragowar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka samu maiƙo a jikinsu. Tukunya ta riƙe sirrin abin da aka zuba mata shekara 3500.

Misalai biyu da suka fi kusa da mu duk aikin Nicholas David ne. Na farko ya yi shi a Be, wani garin Fulani da ke kusa da Garwa a Kamaru, wanda a da yake cikin daular Fombina da ake mulka daga Yola. Maimakon ya tsaya ga tono kaɗai, sai ya shiga gidajen da mutane ke ciki, ya lura da yadda suke tsufa. A rubutunsa na 1971 ya nuna cewa ɗaki ɗaya kan sauya aiki sau da yawa: yau ɗakin kwana, gobe madafa, jibi ma'ajiya, har ya rushe. Wanda ya zo tono bayan shekaru, aikin ƙarshe kaɗai zai gani. Ya kuma ƙidaya shekarun da tukwane ke yi kafin su fashe, ya tarar ƙananan tukwanen girki ba su cika wuce shekara biyu zuwa uku ba, alhali manyan randuna kan haura goma. Ma'anar wannan ita ce, yawan tsingaron ƙananan tukwane a juji ba ya nuna su suka fi yawa a gida. Sun dai fi saurin fashewa ne.

Na biyu a cikin jiharmu yake, a kan duwatsun Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali. Tun farkon shekarun 1990 David da Judith Sterner suka yi bincike a can. Sukur ta shahara da fadar Hidi, da hanyoyin da aka shimfiɗa da dutse, da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni, da narkar da tama, kuma a 1999 ta zama wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi na duniya. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne maƙalar da David ya buga a 1998 a kan niƙa. Ya bi duwatsun niƙa da ramukan da niƙa ta sassaƙa a jikin fā, ya rarrabe su iri-iri, ya tambayi mutanen garin aikin kowanne, sa'an nan ya yi amfani da su wajen jera zamunnan da suka shuɗe a kan tsaunin. Abin da kowa ke tsallakewa a hanya, shi ya zama littafi. Wannan aiki ya yiwu ne domin masu niƙa suna raye, suna iya cewa wannan na hatsi ne, wancan na wani abu ne daban.

Tambayoyin Da Ƙasar Yola Za Ta Amsa

To, mu dawo gida. Sunan Yola daga kalmar Fulatanci yolde ya fito, wato tudu, kuma tudun da ke kallon fadamar Binuwai wuri ne da mai neman zama ba zai ƙi ba. Kafin zuwan Modibbo Adama, Batawa da Verawa suna zaune a wannan yanki, kuma duwatsun Bagale da ke tsallaken kogi mafakar Batawa ce har zamanin Lamiɗo Lawal. Tambaya ta farko ke nan: me ke ƙarƙashin Yola ta 1841? Idan aka tono rami a tsohuwar unguwa, aka bi shimfiɗun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, siffar tukwane da irin hatsin da ya ƙone za su nuna inda wani zama ya ƙare wani ya fara. Idan manyan tukwanen dafa burkutu suka yawaita a ƙasa, suka ragu a sama, to ga shaidar sauyin addini da al'ada wadda ba ta dogara ga bakin wanda ya ci yaƙi ba.

Tambaya ta biyu ta shafi masu wahala. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Yola a watan Yuni na 1851, kuma bai cika mako guda ba Lamiɗo Lawal ya sallame shi. Duk da haka ya bar mana bayani mai amfani. Ya ƙiyasta mutanen garin sun kai 12,000, ya siffanta shi da fili mai faɗi, bukkoki a warwatse cikin manyan farfajiyoyi, har da gonaki a tsakanin gidaje, ya kuma yi maganar yawan bayi a ƙasar. Hatsin manyan gidaje daga rumde yake zuwa, wato ƙauyukan bayi manoma, kuma har yau akwai unguwa a Jimeta mai wannan suna. Waɗannan mutane ba su bar wasiƙa ba, ba a yi musu kirari ba. Amma baiwar da ta durƙusa tun asuba tana niƙa ta bar zurfin wahalarta a jikin dutse. Inda aka sami duwatsun niƙa da yawa a jere a gida ɗaya, an sami gidan da ke ciyar da jama'a da ƙarfin wasu. Wannan shi ne takwaran ɗakin gashi na Turai a ƙasarmu.

Tambaya ta uku ta Jimeta ce. Tun kafin 1901 kamfanin Royal Niger yana ciniki daga wani jirgi da aka girke a kan Binuwai. Bayan cin garin, Turawa suka kafa mazauninsu kusa da kogi, Jimeta ta bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa da ke zuwa lokacin da kogi ya cika. Fatake Hausawa da Barebari da Nufawa da mutanen kudu suka taru, kowa da irin girkinsa. A jujin wancan zamani za a tarar da tandar waina kusa da fasasshen tangaran da kwalba da gwangwani, kuma waɗannan kayan waje suna taimakawa wajen sanin shekarun shimfiɗar da suke ciki. Ta haka za a iya bin sawun lokacin da tukunyar ƙarfe ta ture ta ƙasa, da lokacin da burodi ya shigo ya zauna kusa da shayi.

Abin Da Ke Cinye Shaidun

Abin damuwa shi ne, waɗannan shaidu ba za su jira mu ba. Tun da Yola ta zama babban birnin jihar Gongola a 1976, sa'an nan na Adamawa a 1991, gini bai tsaya ba. Kowane harsashi da aka haƙa, kowace kwata da aka yanka, kowane tsohon gidan ƙasa da aka rushe aka zuba siminti, yana hargitsa shimfiɗun da suka kwanta shekaru. Tsingaron da aka kwashe daga mazauninsa ya zama kamar shafin da aka yage daga littafi. Kogi ma yana nasa aikin. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ƙarfi, sun zaftare gaɓa a wurare da yawa, alhali bakin kogi nan ne mutanen da suka fi son zama. Harin da 'yan Boko Haram suka kai Sukur a 2014, inda suka ƙona gidaje, ya nuna cewa ko wurin da duniya ta sani ba shi da tabbas.

Asarar da ta fi kowace saurin aukuwa ita ce ta ilimin da ke kan mutane. Injin niƙa ya karɓe aikin dutse, kuma yawancin 'yan matan birni ba su taɓa riƙe ɗan dutse ba. Tsofaffin da suka san yadda ake sassaƙa dutse in ya yi santsi, da bambancin tukunyar tuwo da ta miya da ta ruwa, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ba aikin Sukur daraja shi ne haɗa abin da aka gani da bayanin masu shi. Ranar da aka rasa masu bayani, dutse zai koma dutse kawai.

Kammalawa

A nan ne ɗaliban Hausa suke da rawar takawa. Tono aiki ne na ƙwararru, kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana yin sa ba da izini ba. Wanda ya ga tukwane ko duwatsun niƙa sun bayyana a wurin gini ko a gaɓar kogi, abin da ya dace shi ne ya bar su a inda suke, ya sanar da gidan tarihi da ke Yola. Amma tattara kalmomi aikinmu ne. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu yana iya zama da kakarsa ya rubuta sunan kowane kayan madafa, da Hausa da Fulatanci da harshen Batawa, da aikinsa, da wanda ke yin sa, da inda ake jefar da shi in ya lalace. Wata ɗaliba tana iya tattara waƙoƙin niƙa da na daɓe kafin su ɓace. Wani yana iya bin tsofaffin masu gashi a Jimeta ya ji daga wa suka koya.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mun san sunan wanda ya kafa Yola da shekarar da ya kafa ta. Ya rage mu nemi labarin waɗanda suka hura wutar farko a garin, domin su ma da su aka kafa shi.